Tambayoyi da amsoshi kan cire filashi daga saman kyamara: da wayar kebul ko da tiriga?

Waɗannan tambayoyi ne da masu koyon hoto suke yawan yi, musamman yaran da suka fara bin oga zuwa wajen biki suka ga ya kafa filashi can gefe a kan sitand, babu abin da ya haɗa shi da kyamara, amma yana danna shota sai ya haska. Na haɗa su wuri ɗaya, wasu amsoshin sun yi tsawo saboda nan ne mutane suka fi asarar kuɗi ko asarar hoto.

Wai me ye amfanin cire shi tun farko? Ai a saman kyamarar ma yana haskawa.

Yana haskawa kam, amma daga ina hasken yake fitowa, nan ne maganar take. In filashi yana zaune a saman kyamara toh hasken daga saitin lens yake tafiya kai tsaye ya daki fuska, sai ka ga fuskar ta baje babu tudu babu kwari, goshi da karan hanci suna sheƙi musamman in an yi gumi ko kwalliya ta yi nauyi, ga baƙar inuwa a jikin bango bayan mutum, in kuma ka juya kyamara a tsaye sai inuwar ta koma gefe ta ƙara muni. Da ka ɗauke shi ka kai shi gefe, ka ɗaga shi sama da kan mutum kaɗan, sai fuskar ta samu siffa kamar wanda yake zaune kusa da taga da hantsi. Kuma ba fuska kaɗai ba, aikin zaren da ke gaban babbar riga, duwatsun leshi, naɗin ɗankwali, duk waɗannan hasken gefe ne yake fito da su, hasken gaba shafe su yake.

Wasu za su ce ai sai ka harba shi sama ya daki silin ya dawo. Haka ne, in ɗakin ƙarami ne kuma silin ɗin fari. Amma je ka babban hol da rufinsa ya yi nisa, ko wanda masu ado suka lulluɓe da jan yadi ko mai ruwan gwal, ko tsakar gida da daddare inda babu rufin ma gaba ɗaya, ka ga ba inda hasken zai daka ya dawo, in ma ya dawo da kalar yadin zai dawo.

Toh ta yaya kyamara za ta gaya masa ya haska alhali ba ya jikinta?

Hanya uku ce. Ko da waya, ko da haske wato wani filashin ya tayar da shi, ko da tiriga, wato ƴar na'urar da take aika masa saƙo ta rediyo. Duk saƙon da ake so ya isa guda ɗaya ne, "haska yanzu", sauran abubuwan irin su TTL, wato kyamara ta auna haske ta zaɓa wa filashi ƙarfi da kanta, da canza ƙarfi daga nesa ƙari ne a kai.

Waya fa, ba tsohon yayi ba ce?

Tsohuwa ce amma ni har yau ina ganin girmanta, don ba ta cin batir, ba ta da tasha balle a yi karo da wani, kuma in dai lafiyarta ƙalau toh ba ta fashi. Iri biyu ce. Akwai mai naɗi irin ta tsohuwar wayar tarho, gefe ɗaya ka zura a hotshu ɗin kyamara, wato wurin nan na sama da filashi yake zama, ɗaya gefen kuma filashin ya hau. Ta Canon ita ce OC-E3, ba ta da tsawo, kamar santimita 60 ne, Nikon kuma suna da SC-28 da SC-29. Da wannan filashin bai ma san ya sauka daga kyamara ba, TTL da komai yana aiki. Kyamara a hannun dama, filashi a hannun hagu ka miƙe shi sama gefe, a cikin cunkoson kamu ko yinin biki inda babu filin kafa sitand wannan dabarar tana fitar da kai kunya sosai.

Iri na biyu ita ce wayar PC, siririya mai ɗan zagayen ƙarfe a baki, wasu filashin kuma jak suke karɓa irin na iyafis. Wannan ba ta ɗauke da komai sai umarnin haskawa, ƙarfi kai za ka saita da hannu. Matsalarta bakin yana saurin sakewa, ka ga tana ba ka sau uku ta ƙi na huɗu, kuma ƙananan kyamarori da yawa ba su da ramin ma sai ka sayi adafta. A situdiyo inda ba wanda zai wuce babu laifi. A wajen taro kuwa kada ka ja doguwar waya a ƙasa, yaro ɗaya ya harɗe da ita sitand da filashi duk suna ƙasa, wataƙila har da kyamarar.

Na ga S1 da S2 a jikin filashina, mene ne su?

Wannan ita ce hanyar haske. Akwai ɗan ido a gaban filashin, da ya ga wani filashi ya walƙa sai shi ma ya walƙa. S1 yana tashi a walƙiyar farko. S2 yana ƙyale ta farko ya jira ta biyu, dalili kuwa in filashin kan kyamararka yana kan TTL yakan yi wata ƴar ƙaramar walƙiya ta awo kafin ta gaskiyar, da sauri ƙwarai har ido ba ya raba su, toh in ka bar na nesa a S1 sai ya harba tun a ta awon, lokacin da shota za ta buɗe ya riga ya gama, kai ka ga ya haska da idonka amma hoton ya fito duhu. In na kan kyamara yana M, wato saitin hannu, sa S1, in yana TTL sa S2.

Kyauta ce wannan hanyar, don koyo a ɗaki ta wadatar. Amma fa kada ka je aiki da ita. A rana idon ba ya gani sosai, in wani abu ya tare shi ba zai tashi ba, kuma a biki duk mai hoton da ya danna nasa filashin naka ma zai tashi, batirinka yana ƙarewa a hoton wani, lokacin da amarya ta shigo kuma naka yana can yana caji.

Tirigar rediyo ita kuma yaya take?

Kan tiriga yana zama a hotshu, shi ne mai aikawa. A can wajen filashi kuma akwai mai karɓa, ko dai risiba daban da filashin zai hau kanta, ko kuma an riga an gina ta a cikin filashin, wanda yawancin na yanzu haka suke. Ba ta buƙatar ganin ido, tana ratsa labule da mutane har da bango in bai yi kauri ba, rana ba ta dame ta. Da can PocketWizard ne sarki kuma da tsada, sai kamfanonin Sin irin su Yongnuo suka kawo masu sauƙi kamar RF-603, Canon suka fito da nasu a 2012 da 600EX-RT da ST-E3-RT, Nikon kuma a 2016 da SB-5000. Yanzu dai a hannun yawancin masu hoton biki Godox za ka gani, tsarin X ɗinsu yana kan 2.4GHz, tasha 32, a takarda yana kai mita 100 amma a hol cike da mutane kada ka dogara da wannan lambar.

Abu biyu za ka daidaita: tasha, wadda za ka ga an rubuta CH, dole ta zama ɗaya a tiriga da filashi. Sai rukuni, A, B, C, shi ne yake ba ka damar rage na hagu ba ka taɓa na dama ba kana tsaye a inda kake.

Oga, ni yanzu na fara kuma kuɗina kaɗan ne, me zan saya?

Filashi ɗaya mai sauƙi irin Godox TT600, tiriga irin X2T ko XPro, sitand, abin riƙe filashi da lema, farar lema mai tausasa haske, da batir masu caji. Shi ke nan. TT600 ba shi da TTL amma risiba tana cikinsa, kana canza ƙarfinsa daga tirigar, batir AA huɗu yake ci. Abin da nake roƙon masu farawa shi ne su tsaya a gida ɗaya. Kada ka sayi tirigar Yongnuo yau don ka same ta da araha, gobe filashin Godox, jibi wani abu daban, duk da suna kan 2.4GHz ba sa jin yaren juna, ƙarshe sai ka dinga ɗaura risiba a ƙarƙashin kowane filashi kana ninka batir. In ka tsaya a tsari ɗaya, ranar da Allah ya hore ka sayi manyan filashin Godox irin AD200 ko AD600 tirigar nan taka ta farko ita za ta ci gaba da tayar da su duka.

Mene ne harafin nan na ƙarshe, X2T-C, X2T-N?

Kyamarar da aka yi ta dominta. C Canon, N Nikon, S Sony, F Fujifilm, O Olympus da Panasonic. Duba shi da kyau kafin ka biya, don ƙananan filolin da ke ƙasan tirigar ba wuri ɗaya suke ba a kowane kamfani.

Ina da Canon 2000D, na sa tiriga mai arha ta ƙi tashi sam. Ta lalace ne?

Mai yiwuwa lafiyarta ƙalau. Leƙa hotshu ɗin kyamararka, a yawancin kyamarori akwai babban ɗigon ƙarfe a tsakiya sai ƙanana a kusa da shi, wannan na tsakiyar shi ne yake ba da umarnin haskawa ga duk wani filashi ko tiriga maras TTL. Canon sun cire shi a wasu ƙananan kyamarorinsu irin 2000D da 4000D da 250D, kuma su ne masu farawa suka fi saya. In ka ga naka babu, toh duk tirigar da take da fil ɗaya tak a ƙasa ba za ta yi ba. Sai wadda aka yi don Canon mai cikakkun filoli, ita ma wani lokacin sai an sabunta mata manhaja ta kwamfuta. Mafi alheri ka tafi shagon da kyamararka a hannu a gwada a gabanka.

TTL ko M, wanne ya fi?

TTL kyamara ce take auna hasken ta zaɓa maka ƙarfi. Yana da rana in kai da mutane duk kuna motsi, kamar shigowar ango da amarya ko wajen liƙi. Amma yana ruɗewa da kaya, ango cikin farar shadda sai ya rage hasken fuska ta yi duhu, na kusa da shi cikin baƙar kufta sai ya ƙara har goshi ya ƙone, hoto biyu a wuri ɗaya kowanne da kalarsa kuma kai za ka sha wahalar gyara. In filashi yana kan sitand mutane kuma suna zuwa wuri ɗaya suna tsayawa, M ya fi, ka saita sau ɗaya hoto ɗari su fito iri ɗaya. Ni dai ra'ayina mai koyo ya fara da M, don a nan ne zai gane abin da hasken yake yi.

Daga wane saiti zan fara?

Fara da kashe filashin. Saita kyamara a M har bayan hoton ya fito yadda kake so, fitilun ado suna nan da kalarsu ba su ƙone ba, mutumin kuma ya ɗan yi duhu. Sannan ka kunna filashi ka cike shi. A hol da daddare gwada ISO 800, f/4, shota 1/100, filashi a cikin lema kamar mita 2 daga mutum a ƙarfin 1/16, wato kashi ɗaya cikin sha shida na cikakken ƙarfinsa, ka duba, ka ƙara ko ka rage. Ba doka ba ce, mafari ne kawai.

Abin da ya kamata ya zauna a kanka shi ne shota ba ta taɓa hasken filashi, na wurin kawai take taɓawa, saboda walƙiyar ta fi ta sauri nesa ba kusa ba. Bayan hoto ya yi baƙi ƙirin? Sauke shota zuwa 1/60 ko 1/30, za ka ga hol ɗin ya dawo fuskar kuma ba ta canza ba. Fuska ta yi haske da yawa? Rage ƙarfin filashi ko ka ja sitand baya. Lambar f da ISO kuwa duka biyun suke taɓawa a tare.

Rabin hotona yana fitowa baƙi, kamar an ja labule.

Ai labulen aka ja da gaske. Shota labule biyu ce, na farko ya buɗe na biyu ya biyo ya rufe. Har zuwa wani sauri, yawanci 1/200 ko 1/250 gwargwadon kyamara, akwai lokacin da sensa take buɗe gaba ɗaya, a nan filashi yake harbawa. Da ka wuce wannan saurin na biyun yana fara rufewa tun na farko bai gama ba, walƙiyar sai ta samu wani ɓangare a rufe. Dawo da shota 1/200 ko ƙasa. In da tiriga mai arha ce kuma har yanzu kana ganin siririn baƙi a gefe, sauka 1/160, tana ɗan jinkiri ne, ko batirinta ya yi sanyi.

Toh a rana fa, da 1/200 komai yana ƙonewa?

Da tsakar rana a ISO 100 da shota 1/200 kana buƙatar kamar f/11, kuma a f/11 ƙaramin filashi cikin lema sai ka matso da shi dab da mutum a cikakken ƙarfi kafin a ga aikinsa. Nan ne HSS yake shigowa, filashin ya dinga fitar da ƙananan walƙiyoyi a jere tsawon tafiyar labulen, sai ka iya kai shota 1/4000 ko 1/8000 ka buɗe lens f/2.8 baya ya narke. Amma fa yana cinye ƙarfi sosai, yana zafafa filashi, batir ma ba ya daɗewa. Shi ya sa masu hoton kafin aure a waje suke ɗaukar AD200 ko AD600. In ƙaramin kawai gare ka akwai mafita, ka juya wa mutanen rana ta koma bayansu, ko ka sa su a inuwar bishiya ko ta gini, ka cire lema in ta kama, ko ka ɗaura gilashin ND mai rage haske a lens wanda zai sauko da kai daga f/11 zuwa f/4 in mai mataki 3 ne ba tare da ka bar 1/200 ba. Ko kuma kawai ka ce musu a haɗu bayan la'asar, lokacin ƙaramin filashi yana iya aikin babba.

Ko ba don ado ba filashi yana da amfani a rana, hula da rawani da gyale suna jefa inuwa a kan idanu, ɗan haske daga gefe yana buɗe su.

A hoton rukuni na gaba suna yin fari fat na baya kuma duhu, me ya sa?

Nisa ne. Hasken filashi ba a hankali yake raguwa ba, in ka ninka nisa biyu kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai yake isa. Misali sitand yana mita 2 daga layin gaba, layin baya yana mita 4, toh na baya rubu'in hasken na gaba suke samu. Ja sitand ɗin baya ya zama mita 6 daga na gaba, na baya suna mita 8, yanzu suna samun fiye da rabi, bambancin ya ragu ƙwarai, sai dai dole ka ƙara ƙarfi ko ISO. Ka kuma ɗaga shi sama sosai don inuwar ɗankwalin na gaba ta faɗi ƙasa, ba a fuskar ta baya ba. Ga mutum ɗaya kuma akasin haka, matso da lema kusa, hasken ya fi laushi bango kuma ya yi duhu.

Komai na kunne amma ya ƙi haskawa, me zan duba?

Danna maɓallin gwaji na jikin tirigar tukuna. In filashi ya tashi toh matsalar tsakanin kyamara da tiriga take: ba ta shige har ƙarshe ba, ko ƙura ta hau filolin, wanda lokacin hunturu yana yawan faruwa, goge da busasshen ƙyalle ka sake zurawa ka ɗaure. In kyamarar maras madubi ce duba ko shotar shiru a kunne take, da yawansu suna kashe filashi in tana kai. In kuma bai tashi da gwajin ba toh tsakanin tiriga da filashi ne: tasha ba ɗaya ba, rukunin a kashe yake, lambar ID ta bambanta, filashin bai shiga yanayin karɓa ba, ko ya yi barci. Akwai wani kuma da yake ba mutane mamaki, in filashin ya yi kusa da tirigar da yawa, kamar kana riƙe da shi a hannu, tirigar Godox tana iya fashi, shiga menu wajen DIST ka mayar da ita 0-30m.

Masu kyamara maras madubi kuma, in allo ya yi duhu ba ka ganin mutum kafin ka ɗauka, kashe saitin nan da yake nuna hasken hoto kai tsaye, don shi bai san da filashin ba.

Filashina yana tashi shi kaɗai a wajen biki.

Wani mai hoton yana tasha ɗaya da kai, kusan kowa a tasha 1 yake barin tasa yadda ta zo daga kwali. Kuna isa ku gaisa ku tambayi juna, kowa ya ɗauki tasa, ka kuma sa lambar ID daga 01 zuwa 99 in kayanka suna da ita.

Na samu tsohon filashi na gwanjo, zan iya ɗora shi?

A kan kyamara kai tsaye ko ta waya, a'a, sai ka auna. Wasu tsofaffi na zamanin fim, irin Vivitar 283 na farko-farko, suna fitar da sama da bolt 200 a ƙafarsu, wannan zai iya ƙona kyamarar zamani. Kai wa mai gyaran rediyo ya sa mita tsakanin fil ɗin tsakiya da ƙarfen gefe bayan ya yi caji. In lambar ta yi yawa ko risibar ma tana iya tafiya, amma gara ita da kyamara.

Batir fa, da zafin da yake yi?

Sayi masu caji na kirki irin Eneloop, seti biyu ko uku, sun fi na yarwa saurin dawo da filashi. Kada ka gauraya sabo da tsoho. Kada ka manta tirigar ma tana cin nata. Maganar zafi kuma, in ka jera harbi a 1/1 kamar sau 30 ba hutu filashin zai rage sauri da kansa don kare kansa, a zafin watan Afrilu ma ba sai an je nan ba. Ɗaga ISO daga 200 zuwa 800 ka sauke ƙarfi daga 1/1 zuwa 1/4, hasken fuska ɗaya ne, yana dawowa nan take kuma bai yi zafi ba.

Dole ne sai da mai riƙe min sitand?

A waje kusan dole ne. Lema tana kama iska, ƴar iska kaɗan ta kifar da sitand, kuma ƙafar filashin ce take fara karyewa. In ba ka da yaro rataya jakarka a gindin sitand ko ka ɗora buhun yashi ƙarami, ka buɗe ƙafafun sosai, ɗaya ta kalli inda lemar ta karkata. A hol kuma kafa shi jikin bango ko bayan sifika inda ba hanyar masu raba abinci ba ce.

Yaushe zan ƙara na biyu?

Sai ka iya kallon hoto ka faɗi inda na farkon yake tsaye da kuma abin da ya rage. Yawanci na biyun bayan mutum ake kai shi, a rukunin B, ƙarfi kaɗan kamar 1/64 ba lema, don ya zana gefen kafaɗa da gyale ya raba su da duhun baya. Ka kula kada ya kalli lens kai tsaye, in ya kalla hoton zai yi hazo, sai ka matsar da shi gefe ko ka tare shi da ɗan baƙin kwali da roba.